Sabis ɗin mota: da wata ake lissafi ko da kilomita?

Ɗan_Gesse: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu motoci da kanikawan da ke cikinmu. Corolla nake hawa, ƙirar 2006, kuma zirga-zirgata ba ta wuce Gesse zuwa sakatariyar Gwadangaji, sai sauke yara a makaranta, sai kasuwa ranar Asabar. Bakanikena ya kafe a kan duk wata biyu sai an juye baƙin mai an sa sabuwar filta. Kowa ya san inda kuɗin galan ya kai tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, naira kuma ta faɗi. Ni a ganina motar da ba ta doguwar tafiya, ba ta hayaƙi, ba ta wani ƙara, babu dalilin a riƙa zubar mata da mai yana da sauran ƙarfinsa. Da wata ake lissafin sabis ko da kilomita? Ko kuwa na cefane kawai ake nema a jikinmu?

Abban_Hanifa: Wa alaikumus salam. Na cefane ne, Malam. Ni sai na zaro geji na ga mai ya yi baƙi ƙirin sannan nake juyewa, kuma motata lafiyarta ƙalau.

BakanikenJega: Wa alaikumus salam. Malam Ɗan_Gesse, na daɗe cikin aikin ga, kuma abin da nika gaya ma masu kawo min mota shi zan gaya maka. Wata biyu ya yi kusa ga irin tahiyarka, wannan ka yi gaskiya. Amma cewa tunda ba ka zuwa nesa mai ba ya lalacewa, nan ne ban yarda ba. Motar cikin gari ta hi wahal da mai bisa ga wadda ka zuwa Sakkwato ta dawo.

Ga dalili. Duk injin da anka tada da sanyi, akwai ɗan gumin ruwa da ɗanyen fetur da ka sulalewa ta gefen fistan su faɗa cikin mai. In injin ya ɗauki zahi sosai ya jima yana aiki, sai su ƙone su hita. Kai kuwa kahin ya gama ɗumama ka iso ofis ka kashe. Gobe haka, jibi haka. Irin motocin ga in munka buɗe marfin saman inji, sai ka ga mai ya daskare kamar ɗanko, da cokali muke kankarewa. Mai motar kuma ya rantse maka bai taɓa wuce Kalgo da ita ba.

BakanikenJega: Abban_Hanifa, launi kaɗai ba awo ba ne. Mai yana iya yin baƙi da sauran aikinshi, yana iya zama garau alhali fetur ya tsinka shi. In ka zaro gejin ka sansana, in ka ji warin fetur to ya gama.

Injiniya_Zuru: Amsar tana cikin littafin da kamfani ke haɗowa da mota, sai dai yawancinmu hannu na biyu ko na uku muka saya, littafin ya daɗe da ɓacewa. A intanet ana samunsa kyauta idan ka sa sunan motar da shekararta. Kamfanoni sukan ba da jadawali iri biyu: na tuƙin yau da kullum, da na tuƙi a yanayi mai tsanani. Abubuwan da suke kira yanayi mai tsanani su ne ƙura, zafin rana mai yawa, gajerun tafiye-tafiye, barin inji yana aiki mota na tsaye, da ɗaukar kaya mai nauyi. Ku duba da kyau, wanne ne babu a Kebbi? Saboda haka jadawali na biyun ne namu. Ga man da yawancinmu ke saye, ƙa'idar da ta fi aminci ita ce kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Ba ɗaya ake zaɓa a bar ɗaya ba.

Sannan a lura, idan motar ta Amurka ce, mitarta mil take ƙirgawa. Kilomita 5,000 kusan mil 3,100 ne. Wanda ya jira mita ta ƙara 5,000 a irin wannan mota, ya yi kilomita 8,000 bai sani ba.

Ɗan_Gesse: Injiniya, tawa kuwa ta Amurka ce. Na gode da wannan bayanin na mil.

MamanKhairat: Ni damuwata ba yawan watannin ba ne, a yi aikin ma tsakani da Allah shi ne magana. Mu mata an fi yi mana. Na taɓa ba da kuɗin mai da filta aka tafi da motar, aka dawo min da ita an wanke ta tas. Ƙanena ne ya leƙa ƙasa ya kira ni. Tsohuwar filtar ce aka goge da tsumma da fetur har tana ƙyalli, ga ɗan lotsawar da ke gefenta nan yadda take tun farko. Yanzu da kaina nake saye, in kai, a ba ni benci in zauna har a gama. Wasu yaran garejin sukan yi ta ƙunƙuni, ni kuwa ko a jikina.

BakanikenJega: Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri. Akwai ɓata-gari cikinmu, ba mu musu. Bakaniken kirki ba ya jin haushi don kin zauna. Ki ce a miƙo miki tsohuwar filtar a hannu in an cire.

Ɗan_Kamba: Ƙari a kan maganar Hajiya: ko kai ka sayo man, sai ka yi hattara da inda ka saya. Jabu ya yi yawa. Akwai masu bin gareji-gareji suna sayen galan ɗin da aka juye, su je su ɗura wani abu su liƙe baki, ka gan shi sabo fil. Ni daga gidan mai ko wurin dila nake saye, kuma idan an gama juyewa a gabana nake sa a huda galan ɗin da sukudireba. Man da ake aunawa daga duro kuwa, ban san mene ne a ciki ba, don haka ba na sa wa motata.

Alhaji_MaiAlbasa: Ni hwa wanga siririn mai da yaran zamani ka kawowa ban yarda da shi ba. Ku zo Aliero watan Afrilu ku ji rana. Mai kamar ruwa ina zai iya da wanga zahi? Motocina dut mai kauri 20W-50 nika sa musu, tun zamanin 504, kuma su ka kai albasa har kudu su dawo.

Injiniya_Zuru: Ranka ya daɗe Alhaji, a kan 504 da tsofaffin motocin kaya maganarka daidai ce, don da irin wannan man aka ƙera su. Amma injinan da suka zo daga baya hanyoyin mansu sirara ne ƙwarai, musamman masu VVT-i irin na Ɗan_Gesse, waɗanda da matsin mai suke daidaita buɗewar bawul. Mai kauri yana jinkirin hawa sama da safe, kuma a waɗannan 'yan daƙiƙoƙin farko ne inji ya fi cin kansa. Batun rana kuma, inji mai lafiya a wajen digiri 90 yake aiki, ko a Jos yake ko a Aliero. Aikin lagireto da fanka ke nan. A duba marfin da ake zuba mai, sau da yawa an rubuta lambar a kai. Corolla ta wannan shekarar 5W-30 za ka gani.

BakanikenJega: Injiniya, da gyara kaɗan. In injin ya tsufa, rin ya saki, yana shan mai, kana sa mishi siriri zai shanye shi cikin sati biyu. Irin wannan mukan ɗan ƙara kauri kahin mai shi ya samu kuɗɗin buɗe inji. Littahi bai san motar ta yi shekara ashirin tana bin hanyar Bunza ba.

Injiniya_Zuru: Na yarda, Oga, muddin mai motar ya san lallaɓawa ce ake yi, ba magani ba.

Direban_Yauri: Ku duk kuna maganar motar gida. Mu masu haya lissafinmu daban. Sharon nake ja, Yauri zuwa Birnin Kebbi, wani lokaci har Sakkwato. Wannan kilomita 5,000 ɗin ba ma cika wata muke cinye shi. Matsalarmu mai mota ne. Ka ce masa a tsayar da ita yini ɗaya a yi sabis, sai ya ce balas ɗin ranar fa? Sai ta tsaya da kanta a bayan Koko da fasinja cike, a nemo wata motar a juye su, a biya kuɗin janwe, ta kwana huɗu a gareji. A nan ba ya tambayar balas.

Abin da na riƙe, wanda maigidana na farko ya koya min tun ina yaron mota: kafin a fara lodi, a buɗe bonet. Geji, ruwa, man birki, fambel, sannan a zagaya tayoyi huɗu a duba ƙasan mota ko wani abu ya ɗiga cikin dare. Kafin mai shayi ya haɗa maka kofi ɗaya ka gama.

Malam_Kalgo: Allah ya yi maka albarka, direba. Wannan amana ce. Wanda ya ɗauki rayukan mutane a mota ya san birkinsa ba ya ci, ya ce Allah ya kiyaye, bai fahimci tawakkali ba. Ana yin sababi ne sannan a dogara ga Allah. Haka mai motar da ya hana a gyara, shi ma yana da kaso a duk abin da ya faru.

Sarkin_Zumunci: Tunda an taɓo zafi, ina da tambaya. Da na sayi motata, abu na farko da bakanike ya yi shi ne cire tamostat, ya haɗa fanka kai tsaye, wai na ƙasar sanyi ne. Kusan kowa haka ake yi masa a nan. Daidai ne?

Injiniya_Zuru: Ba daidai ba ne, kuma wannan al'adar tana ci min rai. Motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu suke zuwa, ko can ma ƙasar sanyi ce? Aikinsa ya riƙe ruwa har inji ya kai zafin da ya dace, a yawancin Toyota wajen digiri 82 yake fara buɗewa. Idan an cire shi, inji yana daɗewa bai ɗumama ba, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta ci gaba da ƙara fetur. Ga shan mai, ga ɗanyen fetur yana wanke bangon silinda yana gangarawa cikin baƙin mai. Wato abin da BakanikenJega ya bayyana a sama, sai dai wannan kullum ne. Idan mota na ɗaukar zafi, a nemi dalilin: lagireto ya toshe, ko marfinsa ya saki, ko famfon ruwa, ko fanka, ko shi tamostat ɗin ya maƙale a sa sabo.

BakanikenJega: Gaskiya munka gada haka daga iyayen gidanmu, kuma da yawa har yau suna cirewa. Dalilinsu shi ne in ya maƙale a ruhe a tsakiyar hanya, gaskit ya tahi. Ni yanzu sabo nika sawa in mai mota ya yarda ya saya. Abin da ya hi kashe lagireto wurinmu ruwan rijiya ne da na bohol. Kanwa-kanwa da tsatsa su toshe 'yan hanyoyin nan. A daure a sayi ruwan lagireto na galan, mai launin nan. Kuma don Allah kada wanda ya buɗe marhi mota na tafasa. Na ga yaro da hannunshi ya saɓule.

Ummu_Sudais: Ni dai karatu nake ɗauka. Iyakilina fa, wato filtar iskar inji, duk yaushe ake canzawa? Da hunturu motata sai ta riƙa nauyi.

Ɗan_Kamba: Hajiya, ƙura ce ta cika shi. Lokacin hunturu ki sa a riƙa ciro shi ana kakkaɓewa, a busa iska daga ciki zuwa waje. Ki ɗaga shi saitin rana, idan haske ba ya ratsawa to a sa sabo. Kada ki yarda a wanke na takarda da fetur ko ruwa, kuma kada a bar motar ta yi tafiya babu shi ko na yini ɗaya. Yashin da ya wuce nan cikin inji zai sauka.

TsohonMalami_Argungu: Yarana, duk kun tattara a kan inji. Inji idan ya lalace aljihu yake taɓawa. Taya da birki su ke kai mutum kushewa. Ku je ku ga tayoyin Beljiyam da ake jibgewa a rana, zanensu raɗau, amma robar ta bushe. Kowace taya tana da ranar haihuwarta a gefe, lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Idan ka ga 3519, mako na 35 ke nan na shekarar 2019. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra sukan ce shekara huɗu daga ranar ƙira, kamfanonin taya kuma sukan ba da fiye da haka, amma da irin kwaltarmu ta watan Maris da Afrilu ni na fi karkata ga na hukumar. Man birki ma yana tsotsar danshi, ana so a juye shi duk shekara biyu. Wa ke yi a cikinmu?

MaiFaci_Tasha: Baba, ka yi gaskiya a kan taya. Amma kullum mu ake zagi wai muna cika iska. Direba ne zai zo ya ɗora buhun shinkafa har saman mota, ya ce in ba ta 60. In na ce ya yi yawa ya tafi wurin na gaba. Masu motar gida, adadin iskar motarku yana rubuce a jikin ƙofar direba, a wata 'yar takarda, yawancin ƙananan motoci 30 da 'yan kai ne. Ku zo da safe taya na da sanyi, ku faɗa min lambar, ita zan sa.

Direban_Yauri: MaiFaci, lodin ma ba son ranmu ba ne. Da aka cire tallafi a 2023, litar fetur ta sa mu gaba: kuɗin ya tashi daga ƙasa da naira 200 ya haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ya wuce nan. Fasinja ba zai biya ninki uku ba. Amma na yarda, tayar da ta fashe da gudu ba ta san wannan lissafin ba.

Ɗiyar_Zuru: Akwai abin da ba a ambata ba. Mu da ke bin hanyoyin yankinmu, lalacewar mota a daji yanzu ba maganar kuɗi ba ce kawai. Akwai wuraren da ba ka fatan la'asar ta same ka a tsaye, balle magariba. Mijina duk lokacin da za mu gida, kwana biyu kafin tafiya yake kai motar a duba, ba ranar ba, don in an taɓa wani abu a ga yadda ya zauna. Safaya da jak da fambel na ajiya ba sa fita daga but.

Malam_Kalgo: Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya tsare matafiya.

Ɗalibin_Poli: Amin. Ina so in ƙara batun wutar nan mai hoton inji da ke kamawa a dashbod. Wasu sai su liƙa mata baƙin tef, wasu a cire ƙwan gaba ɗaya, musamman idan za a sayar da mota. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wurin da ake jona na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ta faɗi inda matsalar take. Akwai masu na'urar a Birnin Kebbi, har da ƙarama da ake haɗawa da waya. Sau da yawa fulogi ne ko koyil ko wata 'yar sensa. Ya fi a yi ta canza kaya da ka. Idan wutar tana ƙiftawa kuwa, inji yana tsallake wuta ne, a tsaya da wuri.

Kuma ku kula da indomin salansa, wato abin nan mai tace hayaƙi da ke cikinta. Ana cire shi a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, a ce maka wai ya toshe ne. Bayan nan ƙarar mota ta canza, hayaƙi ya riƙa yaji.

Abban_Hanifa: To ai ni tawa wutar ta fi shekara tana kunne, ban ga abin da ya faru ba.

Ɗalibin_Poli: Yaya, ka lissafa fetur ɗin da take sha yanzu da wanda take sha da. Kuma ranar da babbar matsala ta zo, da me za ta sanar da kai, tunda wutar dama a kunne take?

Na_Gwandu406: Masana, ni 406 gare ni. Ana ta ce min in canza taimin bel, ni kuma na ga lafiyarsa lau. Ɗan_Gesse ma ya kamata ya ji wannan.

BakanikenJega: Na Ɗan_Gesse sarƙa ce, ba bel ba, ita mai mai tsabta kawai taka so. Naka kuwa bel ne, kuma ba ya sallama in zai tsinke. A 406 in ya tsinke kana tahiya, fistan ya daki bawul su lanƙwashe, sai an sauke kan inji. In ba ka san yaushe anka canza shi ba tun da ka saye ta, canza shi yanzu, tare da tenshina da famfon ruwa tunda wuri ɗaya suke. Ka rubuta lambar mita da kwanan wata ka aje.

MamanKhairat: Wannan rubutawar ita ce ta taimake ni. Ƙaramin littafi na ajiye a aljihun mota, duk abin da aka canza in rubuta rana da lambar mita. Tun daga nan babu wanda ya sake ce min fulogina sun mutu alhali watan jiya aka sa su.

Ɗan_Gesse: Na karanta duka, Allah ya saka da alheri. Abin da na ɗauka, wata biyu ya yi kusa, amma jiran kilomita kaɗai ma ba zai yi min ba tunda ba na nisa. Ina tunanin in tsaya a wata huɗu, in koma 5W-30, in kuma duba ko tamostat ɗina yana nan. Oga BakanikenJega, wata huɗun ya yi?

BakanikenJega: Ya yi, in man na kirki ne. Kuma ko sau ɗaya a sati ka hau babban titi da ita, ka kai Jega ko Argungu ka dawo, ta ɗauki zahi yadda ya kamata.

Injiniya_Zuru: Ni da zan ce wata shida ya wadatar idan man sintetik ne na asali. Amma huɗun ba asara ba ce.

Alhaji_MaiAlbasa: Ku dai ku yi ta sa ruwa-ruwanku. Ni ina nan bisa mai kauri.

Ummu_Sudais: Kafin a watse, man giya fa? Tawa otomatik ce. Wani ya ce min ba a taɓa shi har abada, wani kuma ya ce in ban juye ba giyar za ta mutu. Wanne zan bi?

BakanikenJega: Hajiya, wace mota ce, kuma mita nawa ta nuna? Ki zaro gejin giya ki ɗiga a farar takarda, ki gaya min ja ne ko ya koma ruwan ƙasa, kuma ko yana warin ƙuna. Kada ki bari a zuba miki kowane iri kahin nan, kowace giya da nata.